Lambun tsohon nan mai dashe na wajen Tadis: icce mai kyau, amma sai ka tahi da haƙuri

Tunda mutane sun dame ni da tambayar ina na samo itatuwan da ke ƙohwar gidana da na bakin masallacin unguwarmu, bari in hwaɗa gaba ɗaya in huta. Wurin wani dattijo ne mai pepiniyer can ta wajen lambunan Tadis in ka hita gari. Babu allo, babu suna, babu lambar waya a bango, shingen ƙaya ne da ƙohwar langa-langa, kuma ba zan sa sunanshi ba don bai ba ni izini ba, amma duk ɗan kabu-kabun da ya daɗe a Tawa in ka ce mashi lambun tsohon nan mai dashe mai yawan magana zai kai ka har bakin shinge. A taƙaice iccenshi na da kyau, kuɗɗinshi da sauƙi, shawararshi ma ta hi iccen amfani, amma in kana sauri, ko kai mutum ne da ba ka son a hwaɗa maka abin da ba ka tambaya ba, to tsaya bakin titi ka sayi na ƴan leda ka yi gaba.

Ni abin da ya kai ni mangwaro ne da lemu da iccen nan mai rassa hawa-hawa kamar laima da ake yayi yanzu, wanda kowane sabon gida a Yamai sai ka gan shi bakin get, uwargida ta gani gidan ƙanwarta tac ce ita ma shi take so. Na gaida shi, Baba ina wuni ina gajiya, na jera mashi abin da nike so, kuɗɗina a aljihu. Ko kallon itatuwan bai yi ba. Sai tambaya, Mushe ina parsel ɗinka take, ƙasar jigawa ce ko hwaƙo ko dutse, robine gare ka ko garuwa kake saye, maƙwabtanka na da awaki, wa zai riƙa ban ruwa in ka yi tahiya, ka gina shadda ta wane gehe. Duk na amsa. Sannan yac ce shekarunka nawa, ɗiyanka nawa, mahaihinka na raye? Nan kam na ɗan ji wani iri, na ce Baba icce na zo saye hwa ba aure na zo nema ba. Yai dariya yac ce ai shi duk ɗaya ne wurinshi, wanda bai san inda ɗiyarshi za ta ba bai ba da ta.

Ƙarshenta mangwaro guda ɗaya tak ya yarda ya saida mani, yac ce ƙasarmu ta dutse da ruwan garuwa ba su riƙe uku, in na ɗauki uku baɗi na zuwa in zo in ce iccenshi bai da kyau. Mai laimar kuwa yac ce shina da shi, ga shi can, in na nace ya ba ni, amma in sani mai shan ruwa ne kuma saiwarshi sama-sama take, kar in sa shi kusa da bango ko bututu. Mai saida kaya da zai hana ka kashe kuɗɗi wurinshi, ni dai ban cika gamuwa da irinshi ba a garin nan.

Abin da ya sa na zauna kuwa gawo ne. Akwai wasu ƴan ledoji jere ƙarƙashin rumhwar zana, abin da ke cikinsu ko tsawon yatsa biyu bai kai ba, ƴan ganye ƙanana masu launin toka-toka da ƴar ƙaya hwara, in ba a hwaɗa maka ba ka ce ciyawa ce ta tsiro a leda. Na ce Baba wanga kuma wa zai saye, gawo da ke cike da daji. Sai yaɗ ɗauki ɗaya, yas sa wuƙa yat tsaga ledar daga sama har ƙasa, yab buɗe ƙasar da hannu a hankali, wallahi saiwa ce guda siririya hwara ta miƙe tun daga sama ta kai gindin leda har ta hwara naɗewa, ta ninka abin da ke sama sau nawa. Yac ce ka gani Mushe, wanga shekarun hwarko ba ka ganin aikinshi, kai kana cewa bai girma, shi ko shina can ƙasa neman ruwa, sai ya taɓa damshi sannan ya waiwayi sama. Yac ce haka ɗan Adam yake, yaro da ke makarantar allo ana ta wanke allo ana sake rubutawa ba ka ganin komi, ashe saiwa ce shike yi, wanda kuma anka gaggauta anka ɗaga shi sama tun bai kahu ba iskar hwarko ke kada shi. Sannan ya jawo ayar nan ta Suratu Ibrahim, ta 24, inda Allah Ya buga misalin kalma mai kyau da icce mai kyau, tushenshi tabbatacce reshenshi cikin sama, yac ce duba da mi anka hwara, da tushe anka hwara ba da reshe ba. Ni dai ayar na san ta tun ina yaro amma ban taɓa jin ta da saiwa a tahin hannun mai karantawa ba, ƙasa na zuba tsakanin yatsunshi.

Kuma maganar ba wa'azi kaɗai ba ce, akwai ciniki ciki, don abin da yake nuna mani shi ne gawo bai son daɗewa a leda, in saiwar ta naɗe a gindi ko ka dasa shi ba ya yin kirki, shi ya sa nashi ƙanana yake saidawa kuma in sun wuce lokaci ya gwammace ya kai su gonarshi da ya ba mutum. Irin ma yac ce sai ya jiƙa shi da ruwan zahi ko ya kankare bayan kahin ya shuka, in ba haka ba sai ya yi ta kwanciya bai tsira ba, a daji cikin dabba ne ke yi mashi wannan aikin, akuya ko saniya ta ci ɗiyan ta kasayar da ƙwayar ta riga ta yi laushi. Wanda ya taɓa noma ya san sauran, gawo na kaɗe ganye da damina lokacin da kowane icce ke kore, hatsi ya samu rana da taki ƙarƙashinshi, in rani ya yi kowa ya bushe shi kuma ya yi shar, bisashe su samu inuwa da abinci. Baba yac ce shi ne iccen dattijo, lokacin da kowa ke da shi ya ja baya ya bar ma yara hili, ranar da babu sai a gan shi. Na ce to Baba ai ba kowane dattijo ba, akwai masu tare inuwa damina da rani. Yac ce waɗannan ba gawo ba ne, tsuhwa ce kawai ta same su.

Maganar saiwar nan ta tuna mani da iccen Tenere, wanda ke ajiye gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, duk ɗan lakkwal da anka taɓa kai yawon buɗe ido can ya gan shi cikin ɗan ɗakinshi, busasshen kututture da rassa. Shi kaɗai ne tsaye tsakiyar rairayi da nisan ɗaruruwan kilomita ba wani icce, ayarin raƙuma masu zuwa Bilma ɗaukar gishiri da shi suke gane hanya, kuma da anka gina rijiya kusa da shi a ƙarshen shekarun 1930 an tarar da saiwarshi ta sauka sama da mita 30 wurin ruwa. Iska ba ta kada shi ba, ƙishi bai kashe shi ba, azalai, wato masu ayarin nan, ba su sare shi sun dahwa shayi ba, sai a 1973 wani direban kamiyo ya banke shi, a hilin da ba abin karo ko ɗaya sai shi. Yanzu na ƙarhe ne anka kahwa a wurin. Na ba Baba wannan labari ina jin na kawo abin da zai ƙara ma maganarshi ƙarhi, sai kawai yac ce ai ya sani, kuma saiwa ba ta hana ajali. Shi ke nan ya tashi ya tahi juya tiyo.

Farashi, tunda shi ne mutane sunka hi son ji. Lokacin da na saya bedi da zogale da bagaruwa dala ashirin ne zuwa talatin, wato 100 F zuwa 150 F, gawo da kuka da tsamiya da aduwa wajen dala hamsin, lemu da gwaba dala ɗari, masu aure kuma, wato waɗanda anka ɗora ma reshen iri mai kyau, mangwaro da magarya, daga jikka guda zuwa jikka da rabi gwargwadon girma. Ba a rubuce yake ko'ina ba, a bakinshi yake, kuma na lura in Agusta ta matso yana ɗan hawa saboda masu sayen da yawa na bukin dashen icce. In ka ɗauki da dama shina yi maka gyara, ni ya ƙara mani zogale kyauta yac ce na uwargida ne na kwaɗo tunda ban kai mata mai laima ba. Kuɗɗi hannu kawai, kar ka ce za ka tura ta waya, wayar tashi ma rabin lokaci tana gida wurin caji.

Kuka ma ya ba ni mamaki. Na ce ina son kuka ɗaya saboda miya, yan nuna mani wani ɗan tsiro mai kauri a gindi da ganye guda-guda dogaye, na ce Baba wanga ba kuka ba ne, ganyen kuka ai yatsu gare shi kamar hannu, mu da muke cin miyarta kullum. Yac ce ɗan kuka haka yake hwarawa, ganye ɗaya-ɗaya, sai ya samu shekaru sannan ya riƙa rabuwa biyu, uku, har biyar ko hiye, yaj ja ni gun wata da ta ɗan tasa a ƙasa ya nuna mani iri biyun a jiki ɗaya, na ƙasa guda-guda na sama masu yatsu. Yac ce shi ya sa ba a yanke ma yaro hukunci da kamanninshi na yau. Kuma yac ce kuka ce za ka saɓule ma ɓawo a yi igiya ta sake tohe wani, ta tsuhwa cikinta ya zama kogo tana raye tana ba da ganye da ɗiya, wai haka ran mutum yake in ya daɗe duniya, cikin ya yi ta zama hili, son kaza da son kaza duk su zube, amma amfaninshi ga mutane bai ƙare ba. Wannan kam ban san ko na yarda ba, na san tsohin da cikinsu bai zama hili ba ko kaɗan, amma dai kukar ta kama, kuma shawarar da ya ba ni ta a riƙa tsinke kanta don ta tsaya gajera a samu ganye kusa tana aiki.

Inda munka yi gardama sosai bedi ne. Shina saida shi, shi ne ma ya hi yawa a lambun, amma bai ganin girmanshi, wai baƙo ne mai gaggawa, shekara kaɗan ya yi inuwa ya cika wuri, saiwarshi ta bi ƙarƙashin gini ta shiga shadda ta tsaga bango, ɗiyanshi ba mai ci sai jemage da tsuntsu. Gaskiya ne daga Indiya anka kawo shi, amma ni na ce mashi Baba a cire bedi daga Tawa a gani ina za mu zauna da azahar watan Afrilu, lakkwal nawa ne inuwarsu duka bedi ce, masu shayi da masu facin taya da ƴan fada duk ƙarƙashin wa suke. Zoben itatuwan da anka hwara dasawa kewayen Yamai a 1965 mahi yawa bedi ne. Kwarin Majiya nan kusa da mu wajen Buza, layukan kare iska da anka hwara a 1975 tare da ƙungiyar CARE, bedi ne, kuma su sunka hana iska kwashe ƙasar gonaki. Sai ga shi ashe Baba shi kanshi da ƙuruciya ya yi aikin dashen can, nan ya koyi cika leda da haɗa ƙasa da taki. Yac ce bai ce bai da amfani ba, samartaka ma ai tana da amfani, ƙarhi da sauri da ɗaci, amma ba a gina gida a ce samari kaɗai za su zauna ciki. Na ɗauki bedi biyu duk da haka na sa waje nesa da bango, kuma su ne sunka riga kowa yin inuwa, wannan ko shi bai musa ba.

Magarya mai aure ita ce abin da na hi ba kowa shawara ya saya wurinshi, wadda ake ce ma pomme du Sahel, ɗiyanta manya kamar ƙaramin lemun tsami, ga zaƙi ga ruwa, ba irin tamu ta daji mai ƙwallo da ɓawo ba. Reshen irin na Indiya ne da cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore ta yaɗa a ƙasar nan, gindin kuma magaryarmu ce ta gida mai jure ƙishi. A gabana ya yi ma wata aure, ya yanke kan ta gida, ya tsaga shi kaɗan da reza, ya feƙe baƙon reshen ta gehe biyu ya soka a tsagar, ya naɗe da ƴar leda siririya tam, hannunshi na rawa in zai ɗauki kofin shayi amma wurin nan ko gezau. Yac ce sharaɗi ɗaya ne, duk tohon da ya hito ƙasa da wurin auren ka cire shi da wuri, in ka bar shi shi zai shanye ƙarhin, reshen kirkin ya mutu, ka wayi gari da magaryar daji mai ƙaya kana cewa an cuce ka. Kuma ba sau ɗaya ake cirewa a huta ba, kullum sai ta sake gwadawa. Ban ma bari ya kai ga fassarar ba na ce Baba na gane, halin mutum na asali da ilimin da anka ɗora mashi, yac ce a'a shi bai ce asalin mugu ne ba, ba don gindin gida ba baƙon reshen ko wata ɗaya bai yi a ƙasar Adar, abin dai kowa ya tsaya inda anka aje shi. Sannan ya ƙara da cewa magarya ba icce ba ce ta wasa, da ganyenta ake wanke mamaci, kuma ita anka ambata a Suratun Najmi, magaryar tuƙewa, don haka gidan da ke da ita in mutuwa ta zo da dare ba a zuwa bugun ƙohwar maƙwabta neman ganye. Na yi shiru don mu ranar rasuwar mahaihina sai da anka aika yaro da moto unguwa biyu. Aibinta guda, tsutsa na shiga ɗiyan in sun hwara nuna, sai kana tsince waɗanda sunka hwaɗi kana binnewa, kuma tana son aski bayan an gama cin ɗiya.

To yanzu abin da bai yi mani ba, don kar a ce ya biya ni.

Na ɗaya ba ka da tabbacin samunshi. Yau ya tahi jana'iza, gobe suna, jibi ya tahi ƙauye neman iri, kuma in bai nan wani saurayi ne ke tsare wurin, yaron kirki ne mai ladabi amma duk abin da ka nuna zai ce eh shi ne, mai aure ne, iri mai kyau ne. Ba a rubuta komi jikin ledoji ba, Baba a kanshi ya san wane mangwaro ne wane, yaron kuwa bai sani ba. Lemun da na karɓa hannun yaron da na ɗaga ledar ashe saiwar ta riga ta huda ta shiga ƙasa, ya hizge ta da ƙarhi ta katse, na kai gida ya yi yaushi bai tashi ba. Da na koma na hwaɗa ma Baba ya canza mani ba gardama, amma kuɗɗin kabu-kabu zuwa da dawowa ya kusa kuɗɗin lemun. Don haka ka ɗaga kowace leda ka duba gindinta kahin ka biya, kuma mai aure ka ce a nuna maka tabon auren da idonka.

Na biyu ba su kai ma mutum gida, ba kwali ba igiya, in ba ka zo da abin ɗauka ba sai ka rungume ledoji bisa moto cikin rairayin hanyar nan, kahin ka kai kwalta ƙasar ta girgije ta rabu da saiwa. Ka zo da kwali ko bokiti, in da yawa ne ka nemi mai amalanke ko adaidaita tun daga gari.

Na uku surutu. Ni ina jin daɗinshi, amma ranar da na je da wani abokin aikina da ke son bedi goma kawai na harabar lakkwal, sai da ya sha labarin aduwa, cewa da iccenta ake sassaƙa allo kuma ɗanta da zaƙi da ɗaci a haɗe kamar karatu, da labarin sabara da wankan jego, da lalle da aure, mutumin nan na ta duba agogo yana taka mani ƙahwa. Ba kowane misalin ne ke zama ba kuma, wani ka ji dai an jawo shi ne da ƙarhi don kar icce ya wuce ba a ce komi kanshi ba. In ka ce Baba ana jirana shina sallamarka, amma sai ka hwaɗa, shi bai lura da kanshi.

Tsamiya kuwa rigimar ba tashi ba ce, ta gida ce. Na kawo ta zan sa tsakar gida, surukata tana nan lokacin ta zo ganin jikoki, tac ce wallahi ba a gidan da ɗiyarta take ba, tsamiya da kuka matattarar mutanen ɓoye ce, kukar ma don ta ga ƙarama ce kuma an ce za a riƙa tsinke ta. Na ce Inna ai kunun tsamiyar kina sha, tac ce sha daban kwana da ita daban. Da na ba Baba labari bai yi dariya ba kuma bai goyi bayanta ba, yac ce shi shekara da shekaru yana kwana cikin tsamiyoyi bai ga kowa ba sai sauro, amma kar in yi gardama da surukuwa kan icce, kuma ko banza tsamiya ba ta tsakar ƙaramin gida ba ce, girma take sosai, ba ta sauri, kuma ba abin da ke tsira da kyau ƙarƙashinta. Bakin masallaci anka kai ta da niyyar sadaka ga mahaihina, ladan ne ke zuba mata ruwan alwala. Baba yac ce wannan ni ba zan sha inuwarta sosai ba sai dai jikoki, kuma dalilin tambayar shekaruna ke nan tun ranar hwarko, wai mai shekara arba'in ya kamata ya dasa iri biyu, wanda zai ci da wanda ba zai ci ba. Ya kawo hadisin nan na cewa musulmi bai dasa icce mutum ko tsuntsu ko dabba su ci ba face an rubuta mashi sadaka.

Yadda ya ce a dasa, kuma na bi na ga daidai: rami kamar kamu ɗaya zurhi da hwaɗi, a gina shi tun kahin ranar, ƙasar sama gehe guda a haɗa ta da taki wanda ya ruɓe, ba ɗanye ba don ɗanye na kiran gara kuma shina ƙone saiwa, a barbaɗa toka, a yanke gindin leda da wuƙa sannan a tsaga gehe a zare ta, kar a binne da leda kamar yadda wasu ke yi, a dasa da marece, a bar ɗan kwari kewaye don ruwa ya tsaya, in wuri mai gangara ne a yi mashi rabin wata irin na aikin gyaran hwaƙo da munka saba gani wajen Keita da Illela. Lokacin da ya hi shi ne in damina ta zauna, Yuli zuwa hwarkon Agusta. Sannan kariya, kariya, kariya. Ko giriyaji ko tubali ko ƙaya, kahin ka sayi iccen ka tanadi abin kare shi, don a garin nan akuya ta hi ƙishi kashe dashe, dare ɗaya ta gama da aikin wata shida. Kuɗɗin giriyajin da na saya ya ninka na itatuwan duka, wannan ya kamata kowa ya sa a lissahi.

Shi ya sa ma in ana maganar 3 ga Agusta yake ɗan tsuke baki. Tun 1975 zamanin Seyni Kountché ranar ta zama ta dashen icce a ƙasar nan, kuma shi ciniki yake samu lokacin, amma yac ce abin da ke ci mashi rai shi ne ya yi wata da watanni yana renon abu, a zo a kwasa a dasa a ɗauki hoto a watse, Oktoba na yi ka wuce ka ga sanda tsaye. Nan kam ina bayanshi ɗari bisa ɗari. Manoman Maradi da Damagaram da sunka mayar da miliyoyin itatuwa gonakinsu ai ba da leda sunka yi ba, sassaben zamani ne, kututturen da ke tohowa a zaɓi reshe biyu uku a bar su a kare su, kuma Baba da kanshi in manomi ya zo sayen gawo na gona sai ya tambaye shi ko ya duba abin da ke tohowa a gonar tukuna.

Dabino ne kaɗai na roƙa ya hana. Shina da ƴan tsiro da ya shuka daga ƙwallo, na ce ina so ko don hadisin da Annabi (SAW) ya kamanta mumini da shi, yac ce na ƙwallo ba ka sanin namiji ne ko mace sai bayan shekaru, kuma ko macen ce sai an samu namiji an ɗaura mata hure da hannu kamar yadda mutanen Ingal ke yi, in ina so da gaske in bari ya samo mani ɗan da anka ɓamɓaro daga gindin uwa wadda anka san ɗiyanta. Har yanzu bai samo ba, duk zuwa sai ya ce mai kawowa bai zo ba, na ce in bar avans yac ce bai karɓar kuɗɗin abin da bai gani ba.

Wanda zai je ya je da sahe bayan ya gama ban ruwa, wajen ƙarhe tara, ko bayan la'asar, ban da Juma'a da ranar Lahadi da yake shiga kasuwa. In kun tarar da yaron shi kaɗai ku sayi bedi da zogale, masu aure ku jira Baba.